Kakarsa ake zagi, amma ni na fara taɓa cibiyar

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɗora mini wannan ba tare da sunana ba, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Juma'a, don ranar ce za a zaunar da ni gaban manya a tambaye ni magana, kuma amsar da zan bayar ita za ta raba auren yayana ko ta gyara shi. Wanda zai zage ni ya zaga, na riga shi zagin kaina, amma in ya gama ya faɗa mini abin da zan yi.

Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, ina shekara ta biyu. Gidanmu yana Dutsi, mahaifina malami ne mai karantarwa a zaure, muna kiransa Baba Malam. A ajinmu in ana maganar wanke hannu ni ake nunawa. Ranar firaktikal ni malamarmu ta tsayar gaban aji na nuna yadda ake cuɗa tafi da bayan hannu da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, har ta ce a tafa mini. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zo yana cewa rashin sani ne, wallahi na sani sarai, a takarda babu wadda ta fi ni.

Abin daga hostal ya faro. Akwai wata 'yar ɗakinmu, bari in kira ta Nusaiba, ita ke tashinmu sallar asuba, ita ke yi mana ƙarin karatu ranar Asabar, duk muna ganin girmanta har Malama muke ce mata. Tun muna shekarar farko ta ɗauko kwalbar sanitaiza, wannan ruwan da ake shafawa a hannu a asibiti, ta karanta mana abin da aka rubuta a jiki, ta ce kun gani giya ce a ciki, giya kuwa najasa ce, duk wadda ta shafa ta yi sallah ba ta wanke ba to ta sake sallarta. Ta ce mu da muke alwala sau biyar a rana wane datti ne zai zauna a hannunmu, an yi abin nan ne don waɗanda ba su san tsarki ba, kuma cuta ba ta kama mutum sai Allah Ya nufa. Babu wadda ta ce mata a wane littafi kika gani. Ni da na tashi a gidan malami, da na ɗaga waya na tambayi Baba minti biyu ya isa, amma ban yi ba, maganar ta yi mini daɗi ne kawai don ta sa na ji na fi wasu. Duk wadda muka gani tana shafawa sai mu riƙa tsokanarta da 'yar mashaya, har wasu suka koma shafawa a ɓoye kamar masu satar nama a tukunya.

Safar hannu kuwa muna sawa, amma bari in faɗa muku gaskiyar yadda muke sa ta. In mun ga jini ko mugunya, ko an raɗa mana cewa wancan yana da ciwon hanta, har biyu muke haɗawa. In marar lafiya fes yake, ko yaro ne, ko wanda muka sani ne, ba ma ko tunawa da ita. Kanmu muke karewa, babu wadda take tunanin ita ce za ta kai wa wani cuta. A lakca mun rubuta cewa hannun ma'aikaci shi ke yawo da cuta daga gado zuwa gado, mun haddace mun ci maki, amma a zuciyarmu wani hannun ake nufi ba namu mai alwala ba.

Yanzu ga yayana, Yaya Lawal. Shi ne babba a ɗakinmu, kasuwancin dabbobi yake yi tsakanin Mashi da bakin iyaka. Lokacin da baffanninmu suka ce 'yar malami ba za ta je tana taɓa maza a asibiti ba, shi ya tsaya kai da fata har Baba ya yarda, shi ya goyo ni a mashin ya kawo ni Daura da katifata ɗaure a baya. Matarsa Anti Saude 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Mashi, mace mai haƙuri da kunya, ba ta taɓa kiran sunana ba sai dai ta ce Nas. Shekararsu shida da aure, ɓari biyu ta yi, sai bana Allah Ya tsayar da cikin. Mahaifiyarta Iya Tabawa ungozoma ce a garinsu, ta so 'yarta ta haihu a gabanta, ni na dage na ce a'a, a kawo ta asibitin da makaranta ta tura ni fostin a Daura inda idona zai kasance a kanta. Har gori na yi wa tsohuwar, na ce zamanin reza da toka ya wuce.

Ranar Lahadi da hantsi ta haifi namiji, ƙato, lafiyayye, kukansa har baranda. Aka riƙe ta kwana biyu saboda ta ɗan zubar da jini. Washegari Litinin ina aikin safe, kuma kwana uku ke nan famfon ɗakin masu jego bai kawo ruwa ba, bokitin da ake ajiye mana ya ƙare tun ƙarfe sha ɗaya. Ni kuma da alwalata na fito daga hostal, ina lallaɓa ta don in samu azahar da ita. Wajen ƙarfe ɗaya sista ta kira ni in taimaka mata da diresin ɗin wata mata da aka yi wa tiyata ɗinkin ya ruɓe, mugunya da wari har sai da na riƙe numfashi. Da muka gama na zo cire safa sai na ga ta hannun dama ta yage wajen babban yatsa, na ji danshi. Na goge da tishu. Kwalbar sanitaiza tana nan kan teburin sista cike, ban manta da ita ba, kada in yi muku ƙarya, na kalle ta, na lissafa cewa in na shafa sai na nemi ruwan wankewa kafin sallah kuma babu ruwa, sai na wuce ta.

Ina fitowa Iya Tabawa ta yafito ni, ta ce, "Nas, zo ki duba mana cibiyar ɗan naki, kamar tana ɗan tsattsafo." Na je. Ko tunanin safa ban yi ba, ɗan yayana ne, kwanansa ɗaya a duniya, me zai shafa mini? Na ɗaga cibiyar da yatsun nan, na juya ta, na danna gindinta, na ce ba komai Iya, haka take yi. Na ja masa kumatu, na rufe shi da zane, na tafi na yi sallata hankali kwance.

Talata aka sallame su suka koma Dutsi, an shirya sai an yi suna Iya Tabawa za ta tafi da 'yarta wankan gida. Kafin su tafi na ja wa tsohuwar kunne a gaban kowa, na ce kada a gasa cibiya, kada a shafa mata komai sai maganin da aka ba su. Ta ce to. Ashe da suka isa gida ta ci gaba da abin da ta saba, tana ɗumama tsumma a garwashi tana gasa masa safe da yamma, ta shafa man shanu. Ranar kwana biyar yaro ya fara ƙin nono, jiki ya yi zafi, suka ce a bari a ga bayan suna tunda an riga an gayyaci mutane har daga garin Babban Mutum. Ni sai ranar sunan na iso. Aka sa masa sunan Baba muna kiransa Abba, gida ya cika, ana ta rabon waina, na shiga ɗaki na karɓe shi na ji kamar na ɗauki tukunya daga murhu. Na buɗe zanen, cikin ya kumbura, kewayen cibiyar ya yi ja, kuma warin da ya bugi hancina na san shi. Irin na ɗinkin matar nan ne.

Muka kwashe shi a motar haya zuwa Daura. Likita ya tambaya me aka sa wa cibiyar, Iya Tabawa ba ta ɓoye ba, ta faɗi gaskiya. Nan sista ta hau ta da faɗa a gaban majinyata da 'yan dubiya, ta ce ku tsofaffin ƙauye ku ke kashe jarirai ku ce kwana ya ƙare, sai mun gama wahala ku je ku ɓata mana aiki. Tsohuwar tana tsaye da goron da ta manta a kumatu, ta ce ita dai 'ya'ya tara ta gasa wa cibiya da jikoki da 'ya'yan mutanen gari, ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ni da ya kamata in yi shiru ko don kunya, sai na ɗora nawa, na ce ai sai da na hana ki. Na fi kowa ɗaga murya a wurin, kuma na san dalilin da ya sa nake ɗaga ta.

Kwana biyu ana allurai da ƙarin ruwa, ranar Talata da safe Abba ya koma. A bakin ƙofar ɗakin yara Yaya Lawal ya riƙe hannuna, idonsa jawur, ya ce in faɗa masa me ya kashe ɗansa. Na ce cuta ce ta shiga jini ta cibiya. Ya ce gashin nan ne ko? Ban ce e ba, ban ce a'a ba, cewa na yi ai na gaya musu. Shi ke nan abin da na faɗa, kuma shi ya riƙe har yau.

Ranar sadakar uku ya kasa daurewa, a gaban mata ya ce wa surukarsa ta tattara ta bar masa gida, ta kashe masa ɗa da taurin kai. Mutumin da ko ido ba ya haɗawa da ita saboda kunyar surukuta. Ya ce wa Anti Saude ta zaɓa, ko shi ko uwarta. Ita kuma ga jego ɗanye ga nono yana zuba babu mai sha, ta bi uwarta suka tafi. Yanzu an kusa arba'in bai je ba, bai aika ba, ya ce ba zai yi biko ba, kuma na ji yana gaya wa Innarmu takarda kawai zai rubuta. Can garinsu kuma labari ya bazu, matan da Iya Tabawa ta karɓi haihuwarsu da ta 'ya'yansu sun daina kiranta, ana nuna ta a gidan biki ana cewa ga wadda ta ƙona jikanta, ai 'yar asibitin ma ta tabbatar. 'Yar asibitin nan ni ce.

Ku fahimce ni, ban ce gashin cibiya daidai ne ba, ba daidai ba ne, kuma zai iya yiwuwa tsumman nan da man shanun su suka ja. Wari ba hujja ba ne, babu gwajin da aka yi da zai nuna daga ina cutar ta zo, kuma babu wanda zai iya yinsa yanzu. Amma ni na san inda babban yatsana ya fito kafin ya sauka a cibiyar yaron nan, ko minti biyar ba a yi ba tsakani. Mu biyu muka taɓa shi da abin da bai kamata ba. Ita ta yi abin da ta gada, da aka tambaye ta ta amsa a gaban jama'a. Ni na yi abin da aka koya mini kada in yi, da aka tambaye ni na nuna ta.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, bayan an share makoki na samu Baba Malam a zaure shi kaɗai, na kewaya na tambaye shi kamar tambayar makaranta, na ce wai in mutum ya shafa ruwan nan na asibiti a hannu zai iya sallah? Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya ce ba zai iya ba? Sha aka ce ki yi? Abin da kafin ki kai ƙofa ya bushe. Malamai da yawa ba su ɗauke shi najasa ba, kuma ko da a ce najasa ce, ke da ke riƙe da rayukan mutane, ki shafa mana, in lokacin sallah ya yi ki nemi ruwa ki wanke. Azahar ai tana da lokaci mai faɗi." Har da 'yar dariyarsa, ya ce yaran yanzu kun fi mu tsanani. Na ce to Baba, na tashi na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Shekara biyu ina riƙe da abin da ko mahaifina malami bai san da shi ba.

Da na koma makaranta na ja Nusaiba gefe na gaya mata komai, ita kaɗai ta sani sai ku yanzu. Na zaci ko za ta girgiza. Sai ta dafa ni ta ce in daina wannan tunanin kada in yi saɓo, kwanansa ne ya ƙare, ko na yi wanka da sanitaiza sai ya tafi, kuma in rufa wa kaina asiri tunda Allah Ya rufa mini. Na ce to in kwanansa ne ya ƙare me ya sa ake zagin tsohuwa, ita ƙaddarar ba ta aiki a kanta sai a kanmu? Ta ce wannan daban. Kuna jin wani abin haushi, a wannan zangon an tura ta ɗakin masu tarin fuka, ranar nan na ganta ta fito tana murza hannu, ga 'yar kwalba a aljihun yunifom, ga takunkumi biyu a fuska. Na ce Malama yau kuma an shiga mashaya? Ko kunya ba ta ji ba ta ce ai wannan lalura ce. Wato da abin ya zo kan huhunta lalura ce, da yake kan cibiyar ɗan wani kuwa najasa ce. Tun ranar ban sake yi mata magana ba, ko da yake na san ba ita ta riƙe mini hannu ta hana ni ɗaukar kwalbar ba.

Kuma har yanzu a ajinmu akwai masu bin maganarta ta farko, don ba ta taɓa tara su ta ce na yi kuskure ba. Kullum ina ganinsu suna tashi daga wannan gado zuwa wancan da hannu busasshe, suna bismillah suna taɓa jarirai. In na yi magana a ce Nas ta fara iyayi tun ba ta samu lasisi ba. Sistocin da ya kamata su sa mana ido su ma rabinsu haka suke, sai in an ce masu duba aiki za su zo ka ga kowa yana murza hannu kamar mai jin sanyi.

To ga inda nake. Kawunnan Anti Saude sun aiko, Baba Malam ya ce a haɗu a zaurensa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a kashe maganar, ko ta dawo ko a rabu. Ya ce in zo, tunda ni ce na san abin da likita ya faɗa kuma ni ce mai ilimin abin, in yi wa manya bayani tsakani da Allah. Yaya Lawal ya kira ni ya ce ba ya son komai sai in maimaita abin da na faɗa masa a asibiti. In na maimaita, na san takarda zai miƙa a wurin, tsohuwar nan kuma ta mutu da wannan sunan. In na ce ba a san tabbas ba na tsaya a nan, ba zai karɓa ba, zai ce ana so a lallashe shi ne, don ya ji da kunnensa ina cewa na hana su. Abin da zai sauko da shi ɗaya ne, ya ji cewa ba ita kaɗai ba ce, kuma ya ji wace ce ɗayar. Na san zuciyarsa, mutumin da ya kori surukarsa a gaban mata ban san me zai yi wa ƙanwar da ya ɗauko a mashin ya kai karatu ba. Baffannin da suka ce kada in je kuma suna nan a raye, za su zauna a wannan zauren, kuma ranar ce za su ce karatu ya ƙare in dawo gida. Duk wannan a kan abin da ni kaina ba zan iya rantsuwa ni na jawo shi ba, kuma ba zan iya rantsuwa ba ni ba ce.

Jiya da la'asar ina fitowa daga aiki Anti Saude ta kira ni, karo na farko tun da ta tafi. Na ɗauka faɗa za ta yi, da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta gaishe ni ta tambayi karatu, ta ce Iya ba ta cin abinci, kullum tana zaune tana duba hannuwanta. Sannan ta ce, "Nas, ke ba za ki yi mini ƙarya ba. Ni ban iya kallon Iya yanzu, in ta miƙo mini kunu sai in ji ban iya karɓa. Ki gaya mini don Allah, ita ta kashe mini ɗa?" Na ce mata ana kirana a ɗakin haihuwa zan kira ta anjima. Babu mai kirana, a gindin bishiya nake tsaye.

Har yanzu ban kira ta ba, ta yi mini filashin sau uku yau. 'Yan uwa, masu ilimin addini da ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan, ku gaya mini. In tashi a gaban Baba da Yaya da baffannina in faɗi abin da hannuna ya yi, ko in samu Yaya shi kaɗai kafin ranar, ko akwai wata hanyar da za ta wanke tsohuwar nan ba tare da na rasa ɗan uwana da karatuna ba? Kuma kafin Juma'ar ma, in ta sake kira anjima, me zan ce mata?